Babi na 6: Yadda Ake Yin Gatarin Dutse da Sa Masa Ƙota

A wannan babi za mu yi gatari ba tare da ƙarfe ba. Manyan kayan aikin guda biyar ne: dutsen da zai zama gatarin, dutsen bugawa, dutsen wasawa, itacen ƙota, sai garwashin wuta. Ku karanta a hankali. In kun zo wurin da bai shige ku ba, ku tsaya, ku sake karantawa da ƙarfi, ko ku sa na kusa da ku ya karanta kuna saurare. Wannan ba abin kunya ba ne.

Darasi na 1: Zaɓen dutse

Ku nemi dutse a bakin rafi, inda ruwa ya riga ya goge duwatsu. Wanda ake so shi ne baƙi ko mai duhun kore, mai nauyi, mai santsi, wanda ba a ganin ƙwayoyin yashi a jikinsa. Irin wanda asalinsa daga aman wutar dutse yake ya fi ƙarko. Tsawonsa ya kai kamar taƙi ɗaya, wato daga babban yatsa zuwa ɗan tsakiya in an buɗe hannu, kimanin santimita 15 zuwa 20.

Ku ɗauki wanda tun daga rafi ya yi kama da gatari: gefe ɗaya faffaɗa, ɗaya gefen siriri. Faffaɗan gefen shi ne zai zama baki, wato wurin sara. Siririn gefen shi muke kira gindi, shi ne zai shiga cikin ƙota. Ku riƙe waɗannan kalmomi biyu, baki da gindi, domin za mu yi ta amfani da su.

Ku jiƙa dutsen ku duba shi a rana. In kun ga wani layi siriri ya ratsa shi, tsaga ce, ku yar. Ku ƙwanƙwasa shi da wani dutse. Lafiyayye yana ba da ƙara mai zaƙi, mai tsaga kuwa sai ku ji "ɓus".

Darasi na 2: Ƙwanƙwasa

Dutsen bugawa ya zama ya fi na gatarin tauri, kuma ya cika hannu. Farin dutsen ƙanƙara yana yi. Ku zauna, ku ɗora dutsen gatarin a kan cinya bisa wata fata ko tsumma mai kauri. Kada ku ɗora shi a kan wani dutse, zai karye.

Ba fasawa za ku yi ba. Bugu ne ƙanana, kas-kas-kas, a wurin da kuke so ya ragu. Kowane bugu yana barin ɗan farin tabo, gari kaɗan ya zuba. Da haka ake cin dutsen har ya ɗauki siffa. Ku riƙa juya shi, fuskar nan kaɗan, waccan kaɗan, don su zo daidai. Gindi ya riƙa sirancewa a hankali tun daga tsakiya. Da kun matso kusa da baki ku daina bugu, saura aikin wasawa ne. Ku kare idanunku, ɓarɓashi na tashi.

Hannu zai gaji, ranar farko ma kuna iya yin bororo. Ku huta, gobe ma rana ce.

Darasi na 3: Wasawa

Ku sami faffaɗan dutse mai kaushi, irin mai yashi-yashi. Ku zuba ruwa da ɗan yashi a kai, ku riƙa goga bakin gatarin gaba da baya da nauyin jikinku. Kada ku wasa a bushe. Ƙurar dutse tana lahani ga huhu, ruwa kuma shi ke kwantar da ita. Ku ƙirga: goga 50 a wannan fuska, 50 a waccan. In kun kalli bakin ta gaba, ya zama layi miƙaƙƙe a tsakiyar dutsen.

Kada ku sirantar da bakin kamar na gatarin ƙarfe. Na dutse da kumatu ake barinsa, in ya yi siriri sara ɗaya zai ɓantare. Wannan aiki yana cin awoyi da yawa, wani lokaci kwanaki.

Darasi na 4: Ramin ƙota

To, a nan ne yawancin ɗalibai suke faɗuwa, don haka ku ba ni hankalinku gaba ɗaya.

Ku nemi itace mai tauri, tsawon kamu ɗaya ko ya ɗan fi, kimanin santimita 50 zuwa 60. Kai ɗaya ya zama mai kauri sosai, ya fi damtsen hannu. In akwai ƙulli a wurin, inda reshe ya taɓa fitowa, ya fi kyau, domin ƙulli ba ya tsagewa da sauƙi. Ku auna kamar yatsu huɗu daga ƙarshen kan, ku bar su. Ƙasa da nan ne ramin zai zauna.

Ku tsayar da ƙotar a gabanku, kai a sama. Ramin dogo ne, tsawonsa yana bin tsawon ƙotar, domin bakin gatari a tsaye yake da ƙota, ba a gicciye ba. Yanzu ramin yana da bango huɗu. Na wajen kan ƙota shi ne sama. Na wajen da hannu ke riƙewa shi ne ƙasa. Na dama da na hagu su ne gefe da gefe. Ku ɗora yatsa a kan itacenku ku nuna kowanne kuna faɗin sunansa.

Ga ƙa'idar, ku rubuta ta a littafinku:

Sama da ƙasa su kama. Gefe da gefe su saki.

Ma'ana, dutsen ya taɓa itace a sama da ƙasa kaɗai. A dama da hagu a bar 'yar kafa. Dalili kuwa, itace a tsaye yake tsagewa. Duk saran da kuka yi, dutsen yana ƙara nutsewa cikin rami. In ya matse gefe da gefe, sai ya buɗa itacen biyu, aikin kwanaki ya tashi a banza. In kuwa sama da ƙasa ya matsa, ƙara kamawa yake yi.

Ku ɗora gindin dutsen a kan itacen ku zana kewayensa da gawayi. Ku kwaɓa taɓo ku shafe gefe da gefe, wajen layin, don kada wuta ta ci inda ba a aike ta ba. Ku ɗora garwashi ɗaya a tsakiya ku riƙa hura shi ta cikin bututun kara. In wurin ya yi baƙi ku kawar da garwashin, ku kankare gawayin da tsinin dutse, ku sake. In kun kai rabi ku juya ku faro ta baya har ramin ya ɓulle. Bakin rami na gaba ya fi na baya faɗi kaɗan, yadda gindin dutsen yake sirancewa.

Yanzu gwaji. Ku shafa wa gindin dutsen gawayi, ku tura shi cikin ramin, ku zare. Duk inda baƙi ya fito a jikin itace, nan ya taɓa. In baƙin yana sama da ƙasa, madalla. In yana gefe, ku kankare wurin. Ku sake shafawa, ku sake turawa, ku sake dubawa. Ko sau 20 ne ku yi. Me muka ce? Sama da ƙasa su kama, gefe da gefe su saki.

Sannan ku ɗaga gatarin saitin haske. Dole ku ga haske ta dama, ku gan shi ta hagu. Ku zura siririn tsinken ciyawa, ya wuce ta kowane gefe. In bai wuce ba, ba ku gama ba.

Na sha ganin ɗalibi ya ga wannan kafa sai hankalinsa ya tashi, yana cewa dutsen zai faɗi, ya nemi ɗan itace ya cusa. Kada ku cusa komai. Kafar nan da gangan aka bar ta. A farkon shekarun 1950 wasu masana a ƙasar Denmak sun sa wa tsofaffin gatura na dutse ƙota, suka sare itatuwa da su a dajin Draved, kuma abin da suka gano ke nan: in ƙota ta matse dutsen sosai tsagewa take yi, sai an bar masa wurin ɗan motsi ta gefe.

Amma gaskiya wasunku ba sa ji. A yi bayani a aji, kowa ya gyaɗa kai, mako na zagayowa a zo da ƙota a tsage ana cewa itacen ne ba shi da kyau. Itacen lafiyarsa lau, gaggawa ce. Kun yi haƙurin kwanaki kuna wasa dutse, sai a wajen kankare gefe na ɗan lokaci haƙurin zai ƙare? Wanda bai ga haske ta gefe biyu ba kada ya wuce zuwa darasi na gaba. Ya koma ya kankare. Na san za ku iya, na ga waɗanda hannunsu bai kai naku ba sun yi.

Darasi na 5: Sara

Kada ku ɗaga gatarin tun daga kafaɗa ku maka, bakin zai karye. Sara gajere ake yi, daga gwiwar hannu, a karkace, kuna zagaya itacen. Ku fara da ɗanyen itace siriri. In dutsen ya faɗo, ku mayar da shi ku buga bayan ƙotar, ba wata matsala ba ce.

Darasi na 6: Gyara

In baki ya dakushe, a koma dutsen wasawa da ruwa. Kada a bar ƙota a rana ko cikin ruwa.

Aikin gida: ku rubuta ƙa'idar darasi na 4 sau 5, ku zo da gatarinku aji a duba ramin.