Yadda za ka kalli finafinan Marvel ba tare da ka cika wayarka ba

Sana'ata tura finafinai a waya, a wata ƴar rumfa kusa da kasuwar Wadata nan Yamai. Da kuɗi kaɗai nake so, duk yaron da ya tambaye ni "babban yaya, sai na kalli na Marvel duka zan gane?" sai in ce masa ƙwarai kuwa. Amma ba haka ba ne.

Ka fara sanin inda sarƙar ta fito. Marvel, kamfanin Amurka mai finafinan jarumai, sun soma da Iron Man a 2008, kamfanin Disney ya saye Marvel a 2009, kuma kusan kowane fim sai an maƙala masa ɗan guntu bayan sunayen ma'aikata sun wuce, mai nuna na gaba. Talla ce, don ka ji kamar ana bin ka bashi. Da Endgame ya fito a 2019, shi ne na 22. Wa ke da wannan lokacin, ga wuta tana zuwa tana tafiya?

To, zaɓi jarumi ɗaya da ya kwanta maka a rai, ka bi shi. Mafi yawa nakan ce a fara da Black Panther na 2018, don shi kaɗai ya wadatar. Jarumin sarki ne, mutuwar mahaifinsa a wani fim ta faru, amma tun farko-farko ana sake nuna maka yadda aka yi.

In kuwa babban yaƙin da ya haɗa jaruman kake so, a nan ne ba a tsallake. Kalli Avengers na 2012 ka san fuskoki. Sai Civil War na 2016, don ka gane abin da ya raba kawunansu, in ba haka ba za ka ga manyan mutane suna gaba ba ka san dalili ba. Daga nan Infinity War na 2018, sannan Endgame mai awa uku. Kada ka kuskura ka juya waɗannan biyun, labari ɗaya ne aka raba. Wanda ya fara da na ƙarshen kamar wanda ya iso gidan biki ne bayan an kai amarya.

Masu dogon zango na Marvel da aka soma saki a 2021 a Disney+, manhajar kallo ta Disney, ni dai a ganina yawancinsu ka bar su. WandaVision ne kaɗai nake warewa, kashi 9 ne, saboda Doctor Strange na 2022 a kansa ya jingina.

Sauran giɓin, fada za ta cike maka shi. Ba a rasa mutum ɗaya da ya haddace komai, mai jiran a tambaye shi. Kafin shayi na biyu ya nuna ya gama ba ka labarin fim uku. Sai dai ka gaya masa tun farko inda ka tsaya, don irinsu ba sa iya riƙe bakinsu kan wanda zai mutu.