Mayar da Raƙumin Sopwith zuwa na ruwa: kurakuran da aka fi yi a ma'aunin 1/72

Turawan Ingila sun laƙaba wa jirgin saman yaƙin nan suna Camel, wato Raƙumi, saboda ɗan tozon da ya rufe gindin bindigoginsa biyu a gaban matuƙi. Kamfanin Sopwith ne ya ƙera shi, ya fara tashi a Disambar 1916, ya shiga fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a tsakiyar 1917, an kuma ƙera kusan 5,500. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 8.53 ne. In aka raba wannan gida 72, kamar yadda ake yi wa ɗan kwaikwayonsa na ma'aunin 1/72, abin da ke zuwa hannunka bai cika santimita 12 ba, ƙaramin abu ne da zai zauna a tafin hannu.

Yawancin na robar da ake sayarwa a kwali don mutum ya harhaɗa da kansa samfurin F.1 ne, na sansanin ƙasa. Wanda nake magana a kai shi ne 2F.1, wanda sojan ruwa suka riƙa tayarwa daga kan jiragen ruwa. Akwai masu sayar da shi a shirye, amma wanda ya saba da reza da samfefa ya fi son ya juya na ƙasan da hannunsa. Sai da na ɓata biyu kafin na ukun ya tsaya, kuma duk ɓarnar da ta fito mini a ranar ƙarshe, in na bi sawunta, sai in tarar tun makon farko na shuka ta.

Kuskuren farko ana yin sa tun ba a buɗe kwalin ba: mutum ya ce "na ruwa zan yi" bai tsayar da jirgi ɗaya ba. A ƙa'ida 2F.1 bindigar Vickers ɗaya gare shi ta ɓangaren hagu, da Lewis ɗaya a saman fiffiken sama. To amma ɗauki na Laftanar Stuart Culley, mai lamba N6812, wanda ya tashi daga wani faffaɗan kwale-kwale da jirgin yaƙi HMS Redoubt ke ja ranar 11 ga Agustan 1918, ya kakkaɓo ƙaton balan-balan ɗin Jamusawa, Zeppelin L53. Shi Lewis biyu aka ɗora masa a sama. Jirgin na Culley yana nan a gidan tarihin yaƙi na Landan, hotunansa kuma ba su da wuyar samu. Wanda ya manna lambar Culley a jikin jirgi mai bindigogin ƙa'ida ya haɗa kan wani da gangar wani. Haka su bakwai ɗin da suka tashi daga kan jirgin ruwan yaƙi HMS Furious ranar 19 ga Yulin 1918 suka ƙone Zeppelin biyu a sansanin Jamusawa na Tondern, kowanne da lambarsa. Ka zaɓi guda, ka nemi hotonsa ta gefe da ta gaba, ka kafa a gabanka, sannan ka ɗauki reza.

Sai yankan fiffike, inda aka fi yin kuka. Na ruwan ya fi na ƙasa gajarta da kimanin santimita 33, wato milimita 4 da rabi a hannunmu. Abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne ya datse bakin fiffike hagu da dama. Kada ka yi. Bakin fiffiken yana da siffarsa, kuma a nan 'yan fukafukan karkatar da jirgi suke. Kana taɓa su ka canja kamannin jirgin gaba ɗaya. A tsakiyar fiffiken sama aka yi ragin, daidai saman kan matuƙi. Ka raba shi biyu a tsakiya, ka cire abin da za a cire, ka huda ɓangarorin biyu ka zura guntun allura ko siririyar wayar tagulla kafin gam, domin gam kaɗai ba ya riƙe wurin in an fara jan wayoyi. Fukafukan ƙasa kuma a rage su daga gindi, inda suke haɗuwa da gangar jiki, milimita 2 da ɗan ɗori kowanne, don sandunan da ke tokare fukafukan su tsaya a miƙe. In ka riga ka datse baki, gyaransa shi ne ka liƙa ɗan fallen roba, ka bar shi ya kwana, ka goge shi zuwa siffar da ke hoton. Yana yiwuwa, sai dai aikin yini ne a kan abin da minti goma zai ishe shi.

A nan ne ma ake mance abin da ke sa a gane Raƙumi daga nesa. Fiffikensa na sama a shimfiɗe yake ɗoɗar kamar katako, na ƙasan ne ke ɗagawa sama daga gindi zuwa baki. Wanda ya haɗa tsagin tsakiya a riƙe a hannu, sai ya ga na saman ya ɗan lanƙwashe. A kan gilashi ko tayil ake haɗa shi, a danne da wani abu mai nauyi. Ranar ɗora shi kuma kada ka yarda da idonka. Ka yanka kwali ka yi masa mazauni mai tsaga biyu a kowane gefe, tazararsu daidai da tazarar fukafukan, tare da tuna cewa na sama ya ɗan riga na ƙasa zuwa gaba. Na biyun da na ɓata, ina ta yaba aikina sai ɗan ƙanena ya leƙo ya ce, "Kawu, wannan jirgin kwana yake sha ne?" Da na duba ta gaba, ashe ɓangare ɗaya ya sauka.

Wayoyi su ne kwalliyar irin wannan jirgi, su ne kuma ke tona asirin mai gaggawa. Kuskure uku ne ke tafiya tare. Na ɗaya, amfani da zaren ɗinki: yana da gashi-gashi, yana kama ƙura, kuma in ka ninka kaurinsa sau 72 ya zama igiyar ɗaure sa. Abin da ya dace shi ne zaren fatsa mafi siranta, wanda bai wuce milimita 0.1 ba, ko zaren roba mai talewa da ake yi don wannan aiki. Na biyu, barin huda ramuka sai bayan an ɗora fiffiken sama. A lokacin babu ta inda bakin abin huda zai shiga, kana dannawa sanda ta ɓalle. Tun fukafukan suna warwatse a kan tebur ake huda su da baki mai milimita 0.3, a manna zaren a ƙarƙashin na sama, a bar su suna reto, bayan an ɗora sai a zura kowanne ta raminsa a na ƙasa, a ja da hantsaki, a ɗiga gam, a yanke, a toshe ramin. Na uku, ƙidaya. Wayoyin da ke tasowa daga ƙasan gangar jiki zuwa fiffiken sama bibbiyu suke, domin su ke ɗaukar nauyin jirgin a sama. Waɗanda ke gangarowa daga sama zuwa fiffiken ƙasa ɗai-ɗai ne.

In zaren fatsa ya saki, zafi ne maganinsa. Ni turaren tsinke nake kunnawa, in kawo garwashinsa kusa, in ga zaren ya miƙe kamar tsirkiya. Amma tsakanin miƙewa da tsinkewa ƙiftawar ido ce, kuma robar fiffiken ma tana jin zafin. Ka wuce da shi ta ƙasan zaren ka janye, kada ka tsaya.

Ƙananan alamomin na ruwan ba su da yawa, shi ya sa rashin ɗaya ke fitowa fili. Gangar jikinsa biyu take rabuwa a bayan wurin matuƙi don a samu wurin ajiye shi a cikin jirgin ruwa, saboda haka akwai layin mahaɗa da za ka zana da bakin allura, siriri, ba kwari ba. Rabuwar ce ta sa aka fito da wayoyin sarrafa wutsiya waje, suna bin gefen jiki. Sandunan tsakiya huɗu na ƙarfe ne sirara, ba katako mai faɗi irin na F.1 ba, don haka ka jefar da na kwalin ka yanko waya. In ka cire Vickers ta dama, ka cike gurbinta da fila, wato kwaɓin toshe ɓaraka, ka gyara tozon. Cikin wurin matuƙi kuwa, da kujerarsa ta saƙa da allon agogonsa, kafin a rufe gangar jiki ake yi musu fenti. Bayan nan sai dai leƙe.

Injin yana da nasa tarkon. Silinda tara ne a jere kamar tauraro, kuma dukkan injin ne ke juyawa tare da farfela, ko Clerget ne ko Bentley mai ƙarfin doki 150 da na ruwa da yawa suka yi amfani da shi. Kada ka ƙirƙira masa dogon bututun hayaƙi a gefe, ba shi da shi. Man zurma yake sha yana fesarwa, don haka dattin da ya halatta shi ne na maiƙo a ƙarƙashin hanci da ƙasan gangar jiki da kan ƙafafunsa.

Wannan ya kawo mu ga fenti. Saman jirgin launin da ake kira PC10 ne, tsakanin ruwan ƙasa da kore, mai duhu-duhu. Koren ganye shar kuskure ne. Ƙasansa launin yadin lilin ne da aka shafe da ruwan da ke ɗaure shi, wato fari mai ɗan ruwan ɗorawa, kamar farar shadda da ta daɗe a akwati. Tayoyin wancan zamani sun fi kusa da ruwan toka, ba baƙi wuluk ba. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne tsatsa da ɓarewar fenti a kan fiffike. Katako ne da yadi, ina tsatsa za ta fito? A murfin inji kaɗai, da yake alminiyam ne, za ka iya nuna ɗan goguwa. Su ma layukan haƙarƙarin fiffike, yawanci na kwalin sun cika tudu. Ka bi su da samfefa mai laushi har sai haske ne kawai ke nuna su, ka kuma sirantar da bayan fiffiken daga ƙasa. Farfela ka shafa mata ruwan ƙasa mai haske, in ya bushe ka ja fentin mai mai duhu a kai da busasshen burushi, sai zanen katako ya fito.

Mu da ke aiki a ƙasar zafi muna da ƙarin abokan gaba biyu. Fentin ruwa yana bushewa a bakin burushi kafin ya isa jikin jirgi, don haka a tsinka shi sosai a yi shafi uku sirara maimakon ɗaya mai kauri. A lokacin hunturu kuma, kana gama shafi ka kashe fanka ka kife roba a kai, in ba haka ba ƙura ta zauna daram, sai dai a kankare a sake.

Tambarin da ake jiƙawa a ruwa a manna, in aka ɗora shi kan fenti marar sheƙi, iska tana maƙalewa a ƙarƙashinsa ya yi fari-fari a gefe. A fara shafa ruwan sheƙi marar launi, a manna, sannan a rufe. Wanda ya riga ya yi farin, a tsattsaga shi da bakin allura a ɗiga ruwan laushin tambari. Ka lura da jerin launi: da'irar Ingila ja ne a tsakiya, sai fari, sai shuɗi a waje, ta Faransa kuma akasin haka. A wutsiya shuɗi ne a gaba, ja a baya, kuma ɓangarorin biyu duka haka suke, don haka ka duba kafin ka jiƙa na hagu ka kai shi dama. Sufa gulu ma yana da tururi da ke barin farin dusa a kan fenti mai duhu. Da bakin allura ake ɗaukarsa daga ɗigo ɗaya a kan murfin kwalba, ba daga bakin bututunsa ba.

Bindigar Lewis da farfela da ɗan gilashin gaban matuƙi su ne na ƙarshe, bayan an gama duk wani juyi da kifewa. Daga nan kuma ta hanci ake ɗaukar jirgin, yatsa biyu a kan murfin inji, domin duk wani wuri da ka kama akwai waya.