Yadda ake ba faifan ajiya na USB isasshiyar wuta ba tare da an ƙona kwamfuta ba

Idan faifan ajiya na waje yana ƙas-ƙas, ya bayyana a kwamfuta ya sake ɓacewa, sau da yawa lafiyarsa ƙalau, wuta ce ba ta isarsa. Ramin USB 2.0 bolt 5 yake bayarwa, kuma iyakarsa mA 500, wato rabin amp (mA 1000 ne amp 1). Na USB 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, yana kai mA 900. Shi kuwa faifai mai inci 2.5, lokacin da injinsa ke tashi yakan ja kusan amp 1 kafin ya sauko. A nan wutar take faɗuwa, injin ya tsaya, ya sake yunƙurawa, kuma kowane yunƙuri barazana ce ga abin da ka ajiye a ciki.

Fara da lissafi. Juya na'urar ka karanta abin da aka rubuta, misali 5V 1A. Idan wat aka rubuta, raba shi da 5, ka samu amp. In ka ga 12V, kamar yadda yake a manyan faifai masu inci 3.5, to ramin USB na gama-gari ba zai taɓa tayar da shi ba, sai da adaftarsa.

Sai waya. Nan mutane suka fi yin sakaci. Siririyar waya mai lamba 28 AWG (ma'aunin kaurin waya), mita ɗaya, tana cinye wajen bolt 0.4 idan amp 1 na bi ta cikinta, ka ga bolt 5 ya koma 4.6 kafin ya isa faifan. Nemi gajeriya mai kauri, rabin mita ya wadatar, kada ka yi mata ƙari. A kwamfutar tebur kuma ka soka a ramukan baya, sun fi na gaba ƙarfi.

In bai isa ba, kawo hob mai adaftarsa. Hob shi ne ɗan akwatin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu ko bakwai. Wanda ba shi da adafta ba ya ƙara komai, wutar rami ɗaya yake rabawa. Ga mai adafta, haɗa abin da duk na'urorin ke ja, ka ƙara rara. Ramuka huɗu na USB 3.0 a cike amp 3.6 ke nan, don haka adaftar bolt 5 mai amp 2 ta yi kaɗan. Kuma ka kula sosai: wasu hob na bolt 5 ne, wasu na 12, alhali bakin adaftocin kan yi kama. Soka ta 12 a hob na bolt 5 yana iya ƙona duk abin da ke jikinsa nan take.

Gwada ko yana mayar da wuta baya. Hob mai araha kan tura wutar adaftarsa cikin kwamfuta ta wayar da ta haɗa su, abin da ke iya lalata babban allon da ke cikin kwamfutar (motherboard). Kunna hob ɗin ba tare da ka haɗa shi da kwamfuta ba, ka sa mitar gwada wuta a haƙoran ƙarfe na gefe biyu da ke cikin bakin wayar da ake sokawa a kwamfuta, ka yi hattara kada tsinken mita ya haɗa haƙora biyu. Sifili ya kamata ka gani. In ka ga bolt 5, ajiye shi.

Tsarin haɗawa: adafta a bango, hob a kwamfuta, faifai a ƙarshe. Kwafi babban fayil ka saurara, sannan ka taɓa adaftar. Ɗumi ba laifi, amma zafin da hannu ba ya jurewa alama ce ta kaya sun yi mata yawa. Idan Windows ta yi gargaɗin cewa wuta ta wuce kima a ramin USB, zare nan take.

Waya mai kai biyu, wadda ke jan wuta daga ramuka biyu, tana fitar da mutum kunya, amma ƙa'idar USB ba ta amince da ita ba. Kada ka taɓa soka kanta ɗaya a caja, ɗayan a kwamfuta.

A inda ake yawan ɗauke wuta akwai ƙarin haɗari: laftop zai ci gaba da batirinsa, hob kuwa ya mutu, faifai ya yanke ana tsakiyar rubutu. Haɗa adaftar hob ɗin da UPS (akwatin batiri mai riƙe wuta idan an ɗauke) ko inbata, kuma kullum ka umarci kwamfuta ta saki faifan kafin ka zare shi.