Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Malesiya da Tailan Idan Za a Tafi Hutu

Malesiya da Tailan maƙwabtan juna ne, jirgi daga Kuala Lumpur zuwa Bankok ba ya wuce awa biyu da 'yan mintuna. A hoto kuwa kamar an tsaga kara: shuɗin teku, bishiyoyin kwakwa, dogayen benaye. Amma wanda ya daɗe yana tara kuɗin hutunsa bai kamata ya bar hoto ya yanke masa shawara ba. Abu biyu ne za su raba gardamar: wane wata za ka tafi, kuma da wa za ka tafi.

Mataki na farko, ka tsayar da watan tafiya. Damina a yankin nan ba lokaci ɗaya take sauka ko'ina ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu Tailan ta fi daɗi, ruwa ya ɗauke, zafi ya sassauta, tekun Phuket da Krabi ya kwanta. A daidai waɗannan watanni ne gabashin Malesiya ke shan ruwa da iska, har yawancin otal-otal a tsibiran Perhentian, Redang da Tioman sukan rufe. Idan kuma dogon hutun 'yan makaranta na Yuli zuwa Satumba kake jira, lissafin ya juya: tsibiran nan na Malesiya sun buɗe, Phuket kuma tana cikin damina. Mai asma ya kauce wa Chiang Mai da ke arewacin Tailan daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da hayaƙin ƙone gonaki ke lulluɓe garin. Daga 13 zuwa 15 ga Afrilu kuma ana bikin Songkran a Tailan, inda ake watsa wa duk mai wucewa ruwa a titi.

Mataki na biyu, ka dubi ci da salla, domin nan ne bambancin ya fi girma. A Malesiya Musulmi sun haura kashi 60 cikin 100, Musulunci ne addinin ƙasa, kuma hukumar JAKIM ce ke ba da shaidar halal. Ɗakin salla, wanda suke kira surau, yana nan a filin jirgi, da manyan kantuna, da wuraren hutawa na kan babbar hanya. Za ka shiga gidan abincin mamak, na Musulmin da asalinsu Indiya ne, ka ci roti canai ko nasi kandar, ka kora da shayin madara, ba ka tambayi kowa komai ba. Gidajen abincin 'yan asalin Sin ne kawai za ka tsaya ka duba tambarin halal.

A Tailan mafi yawan jama'a mabiya addinin Buda ne, Musulmi tsiraru, kuma sun fi yawa a kudu. Naman alade yana shiga girki da yawa, har da romon miyar da ba ka ga nama a cikinta ba. Wannan ba ya nufin za ka kwana da yunwa. Layi na 3 a titin Sukumbit na Bankok cike yake da gidajen abincin Larabawa, Krabi da Phuket suna da masallatai da unguwannin Musulmi. Sai dai kullum nema za ka yi. Kuma wannan layin na Larabawa dab yake da wuraren sheƙe aya na dare, haka ma Patong a Phuket, don haka mai iyali ya duba taswira da kyau kafin ya kama otal. A ganina, duk wanda zai tafi da Hajiya, ko da uwargida da ƙananan yara, Malesiya ce tasa. Sauƙin da za su samu ya fi kowane bakin teku daraja, ga shi ana jin Turanci sosai.

Mataki na uku, ka faɗa wa kanka gaskiyar abin da zai kai ka. Idan hutun zai haɗa da saro kaya, Bankok ta yi gaba: Pratunam kasuwar tufafi ce ta sari, Chatuchak kuma tana ci Asabar da Lahadi. Mai son tarihi da gine-gine zai ƙoshi a Malesiya: tagwayen benayen Petronas masu tsayin mita 452, gidan adana kayan fasahar Musulunci na Kuala Lumpur, gonakin shayi na tsaunukan Cameron, da tsoffin biranen Malaka da George Town waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2008.

Mataki na huɗu, takardu, kuma kada ka biya kuɗin tikiti kafin ka gama da su. Mai fasfon Najeriya sai da biza zai shiga kowace daga cikinsu. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, ka riƙe katin rigakafin shawara, ka shirya bayanan asusun banki da shaidar kama otal. Tailan tana neman takardar tantancewa ta hukumar NDLEA daga 'yan Najeriya, kuma samunta na cin lokaci, sai ka fara da ita. Ƙasashen biyu suna da fom na shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet 'yan kwanaki kafin sauka. Kyauta ne a shafin gwamnati, kada wani ɗan cuwa-cuwa ya karɓi kuɗinka.

Mataki na biyar, tikiti da guziri. Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya, sai an ya da zango a Adis Ababa, Doha ko Istanbul. Ka kwatanta farashin zuwa Kuala Lumpur da na Bankok a ranakun da ka zaɓa. Ka tafi da dala, can ka canza zuwa ringgit ko baht. Agogon Malesiya yana gaban namu da awa bakwai, na Tailan da awa shida, don haka ka bar ranar farko don barci.

Kafin ka rufe akwati, ka riƙe dokoki biyu. A Tailan, taɓa mutuncin sarki, ko da a Facebook ne, na iya jawo ɗaurin shekara 3 zuwa 15. Fataucin miyagun ƙwayoyi kuma na iya kai mutum ga hukuncin kisa a ƙasashen biyu. Duk wanda ya ba ka saƙo ka kai wa wani, ko ɗan uwanka ne, ka buɗe shi a gabansa ka ga abin da ke ciki, in ya ƙi ka bar masa kayansa.