Yadda na gyara bidiyon da sautinsa ke saɓawa da hoto

Alhamdu lillahi, na rabu da wannan ciwon kan, kuma na gode wa ƙanena da ya hasko min hanya.

Da waya na ɗauki hawan Sallah a Ƙofar Soro, minti 18. Da na zuba shi a manhajar tace bidiyo ta kwamfuta, farkonsa lafiya lau, amma can wajen minti na goma sai ka ga hannun makaɗi ya sauka kan ganga, ƙarar kuma ta biyo baya. Na ja sautin da hannu, ƙarshe ya daidaita, farko ya lalace. Na goge manhajar na sake sakawa, a banza.

Ashe waya ba ta riƙe adadin hotuna ɗaya a kowace daƙiƙa, tana ragewa idan haske ya yi ƙasa, manhajar kuma tsayayyen adadi take so.

Sai na sauke HandBrake, manhajar sauya fasalin bidiyo, kyauta ce. Na buɗe ainihin bidiyon, ba wanda na yanka ba, na zaɓi Fast 1080p30. A shafin Video na bar Framerate, wato adadin hotuna a daƙiƙa, a 30, na cire Peak Framerate na danna Constant Framerate, nan ne maganin yake. Sai Start Encode. Na koma manhajar tace bidiyo, na buɗe sabon aiki shi ma a 30, na zuba sabon fayil ɗin, ganga da hannu suka sauka tare har ƙarshe.