Ga Sakkwatawa masu shirin tafiya Barazil: ku duba itace kafin ku jingina

Tun da na zo gida hutu samarin Mabera da Runjin Sambo ke sallama da ni kan aikin yankan kaji na halal a Barazil, kuma kowa takardu da albashi yake tambaya. Ƙannena, takardu ba abin tashin hankali ba ne. Ku yi lambar CPF, wato lambar shaidar haraji ta Barazil, ku yi rajista wurin 'yan sandan tarayya, mutanenmu na can za su raka ku, don ba ma barin baƙo ya yi ta gararamba shi kaɗai. Ni tsutsa ce ke damuna.

Basakkwace in ya ga inuwa, sai tabarma da jingina. A jihohin Paraná da Santa Catarina da Rio Grande do Sul na kudancin Barazil, inda mayankan suka fi yawa, wannan ɗabi'a tana iya kai mutum kabari. Akwai tsutsa mai suna Lonomia, mutanen can na ce mata taturana. Da rana suke cunkushewa jikin itace, kore-kore da ruwan ƙasa, sun saje da ɓawo, jikinsu duk ƙayoyi masu rassa. Lokacin zafi suka fi fitowa, wanda a can yake kamawa wajen Disamba zuwa Maris.

Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Da farko raɗaɗi ne da ciwon kai da tashin zuciya, sai ya lafa. Cikin kwana uku dasashi ya soma jini, fitsari ya yi ja, ƙoda na iya tsayawa. Wani yaronmu ya dafa itace zai cire takalmi don alwala, ya ji zafi, ya shafa man zafi ya koma aiki, wai ai kunama ma ta sha harbinsa a gida. Washegari muka ga asuwakinsa jage-jage da jini. Allah ya yi da sauran kwanansa. Wannan taurin kan ne ke ɓata mini rai.

In ta taɓa ka, wanke wurin da ruwan sanyi. Ban da tsaga, ban da ɗauri, ban da asfirin, don ƙara zubar jini yake. Ɗauki hoton tsutsar a waya ka nufi asibiti, ko ka kira 192, lambar motar asibiti ta gaggawa. Cibiyar Butantan da ke São Paulo ce ke haɗa makarin, kuma asibitocin gwamnati na SUS kyauta suke bayarwa, ko takardunka ba su kammala ba.