Yadda Ake Gyara Jimloli da Zaɓen Kalmomi Bayan Rubutun Farko

Kada ka fara gyara ranar da ka gama rubutu. Bar shi ya kwana, washegari ka karanta shi da ƙarfi yadda kunnenka zai ji. Duk inda numfashinka ya ƙare ba ka kai aya ba, jimlar ta yi tsawo, raba ta biyu. In kuma gajeru huɗu ko biyar sun jeru kai da kai, haɗa biyu daga ciki.

Daga nan ɗauki biro ka zagaye kalmar farko ta kowace jimla. Galibi "sai", "kuma" da "sannan" za ka tarar sun mamaye shafin. Idan uku suka biyo juna a sakin layi ɗaya, soke biyu. "Sai" tana da aikinta, a bar ta inda wani abu ya biyo bayan wani da gaske.

Hanya mafi sauƙi ta sauya fasalin jimla ita ce a jawo abin da ake son ƙarfafawa zuwa gaba. "Sun isa Zariya da asuba" ta koma "Da asuba suka isa Zariya." A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, domin da zarar an yi haka dole "sun" ta zama "suka", "an" ta zama "aka", "yana" ta zama "yake". "Jiya ne sun zo" ba Hausa ba ce. Kada dai a maida kowace jimla haka, ƙarfafawar za ta rasa kaifinta.

Wajen kalmomi, aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki, za ka fi ba lokaci. "Ya gan ta" bai faɗi da yawa ba. Leƙa ta ya yi ta taga, ko hango ta daga nesa, ko harararta? Ƙarshen aikatau ma yana ɗauke da ma'ana: "ya sayi gero" daban da "ya sayo gero", wato ya taho da shi, daban da "ya saye geron", bai bar ko tiya ba. Harafi ɗaya ya tanadar maka rabin jimla.

Rage kalmomin da ke cika wuri kawai. "Sun gudanar da bincike a kan lamarin" ta zama "sun binciki lamarin". "Ya bayyana cewa" da ke cika labaran jarida, duba ko musantawa mutumin ya yi, ko amsa laifi, ko gargaɗi, ka rubuta hakan. Maimakon "fari sosai" akwai "fari fat", akwai "baƙi ƙirin", amma amsa-kama ɗaya, wato kalma irin "fat" ko "ƙirin", ta ishi sakin layi.

Kafin ka musanya kalma da wadda ba ka saba da ita ba, duba ƙamus, ko ka tambayi wanda ya fi ka jin Hausa. Karatun ƙarshe na haruffa masu lanƙwasa ne kaɗai: ɓ, ɗ, ƙ. Waya kan zubar da su, "baƙi" ya koma "baki", "ƙafa" ta koma "kafa".